Fuskar da Ta Sayar da Wuyan Riga

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai. Ku dubi hoton nan na jikin allo. Saurayi ne tsaf, haɓa a ɗage, gashi a kwance, wuyan rigarsa fari fat ya sha sitaci. Daga 1905 har wajen 1930, da wuya ka buɗe mujalla a Amurka ba ka ci karo da shi ba. Shi ake kira Mutumin Arrow, wato sunan kayan da yake talla.

Abin da yake talla kuwa wuyan riga ne kaɗai. A zamanin, kwala cire ta ake yi a wanke daban, tunda ita ke fara dauɗa. Akawu mai ƙaramin albashi sai ya sauya kwala, ya maimaita rigar jiya, ya fita fes. Kamfanin Cluett Peabody na garin Troy a jihar New York ke ɗinka su.

Mai zanen shi ne J. C. Leyendecker, haifaffen Jamus a 1874. Ba da ka yake zane ba, mutum yake zaunarwa a gabansa. Wanda ya fi zama masa shi ne Charles Beach, ɗan Kanada, wanda ya riƙe masa harkokin kasuwanci, suka zauna gida ɗaya a New Rochelle har mai zanen ya rasu. Mata sun yi ta aiko wa kamfanin wasiƙu, wasu har da tayin aure, ga mutumin da ba su san sunansa ba. Wannan yana taɓa mini zuciya, jama'a. Fuskar Beach ta cika aljihun kamfani, amma sunan Arrow ke ƙasan hoton, nasa babu.

Sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya sun saba da riga mai laushin wuya a ɗinke, sai kasuwar kwalar sitaci ta yi ta ja da baya.

A 1951, shekarar da Leyendecker ya rasu, David Ogilvy, wani mai tsara tallace-tallace, ya fito da tallan rigunan Hathaway a mujallar New Yorker. Kyamara ce yanzu ke aikin. Ya ɗauko George Wrangell, dattijo mai gashin baki daga zuriyar manyan Rasha, ya rufe masa ido ɗaya da baƙin ƙyalle. Masu karatu suka shiga tambayar me ya sami idon bawan Allah, suna tambaya suna kallon rigar. Idon nan kuwa lafiyarsa ƙalau.