Annabawa 400 da Mikaiya ɗan Imla: lacca kan annabawa da sarakunan Bani Isra'ila

Jama'a, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina? To madalla. Abu huɗu na zo da su.

Na farko, sarauta a Bani Isra'ila ta hannun annabi ta shigo. Musulmin cikinmu sun san wannan a Suratul Baƙara, inda manyansu suka ce wa annabinsu ya naɗa musu sarki, aka ba su Ɗalutu. A Littafi Mai Tsarki sunan annabin Sama'ila, sarkin kuma Saul. Kafin Sama'ila ya zuba masa mai a ka, sai da ya ja wa mutane kunne: sarki zai kwashe 'ya'yanku maza zuwa yaƙi, 'yan matanku su koma masu girki a fada, ya ɗauki gonakinku masu kyau ya ba fadawa. Suka ce sun ji, a dai ba su. To wanda ya naɗa ka, yana da bakin da zai tsawata maka. Daga nan zaman ya fara, zaman doya da manja.

Na biyu shi ne annabi Natan da sarki Dawuda, inda Natan ya tsawata wa sarki da misalin attajirin da ya ƙwace tunkiya ɗaya tilo ta talaka. Na san malaman Musulunci ba su karɓi labarin Uriya da ke tare da shi ba, wato sojan da aka ce Dawuda ya ɗauke matarsa, suna sa shi cikin Isra'iliyyat. Ni tarihin addinin mutanen nake kawo muku, yadda su suka rubuta shi. Mu wuce, don akwai inda nake ɗokin zuwa.

Ahab. Sarkin Isra'ila ta arewa, fadarsa a Samariya. Ba ƙaramin sarki ba ne fa. Akwai dutsen da Shalmanesar na uku, sarkin Assuriya, ya sa aka rubuta, yana Landan yanzu, ya ce a yaƙin Karkar na shekarar 853 kafin haihuwar Annabi Isa, Ahab ya zo da karusai 2,000 da dakaru 10,000. Abokin gaba ne ya faɗa.

To wannan Ahab yana son ya ƙwato garin Ramot-gileyad daga Suriyawa. Yehoshafat sarkin Yahuza ya kawo masa ziyara, ya ce a fara tambayar Ubangiji tukuna. Aka tara annabawa wajen 400. Ku hango wurin: sarakuna biyu cikin kayan sarauta, kan karagu, a masussukar da ke bakin ƙofar Samariya. Mutum 400, baki ɗaya, kowa na cewa tafi, nasara taka ce. Wani Zadakiya har ya ƙera ƙahonin ƙarfe, wai da su sarki zai tunkuyi Suriyawa. Babban mutum, ya je maƙera ya dawo da ƙaho! (dariya)

Yehoshafat bai natsu ba. Ya ce, ba saura wani? Ahab ya ce akwai ɗaya, Mikaiya ɗan Imla, amma na ƙi jininsa, bai taɓa faɗa mini alheri ba. Aka aika. A hanya ɗan aiken ya ba shi shawara: kowa ya ce alheri, kai ma ka bi sahu. Da ya iso, sai ya ce wa sarki tafi, za ka ci nasara.

Nan fa, ku saurara, Hajiya ki saurara, nan ne wurin da ke tsaya mini a rai. Ahab ya samu abin da yake so, mutum 401 ke nan. Sai ya fusata! Ya ce sau nawa zan rantsar da kai ka faɗa mini gaskiya? Ashe ya sani. Ya san 400 ɗin nan abincinsa ne ke magana a bakinsu. Ya san inda gaskiya take, ya aika aka kawo ta, ya tilasta aka faɗa masa ita. Mikaiya ya ce ya ga Isra'ila a warwatse kan duwatsu kamar tumakin da ba makiyayi. Zadakiya ya matso ya wanka masa mari. Sarki ya ce a kulle shi, a riƙa ba shi ɗan abinci da ɗan ruwa har in dawo. Kuma ya gaskata shi fa, shi ya sa ya tuɓe kayan sarauta ya shiga yaƙin a ɓad-da-kama. Wani ya harba kibiya haka kawai, ta same shi a mahaɗin sulke. Aka tallafe shi a karusa har yamma, ya cika. Ya sani, ya tafi. Ya sani fa!

Na uku... ko na huɗu ne? Lokaci ya ja. Annabi Amos, firist na Betel ya kore shi, ya ce nan wurin ibadar sarki ne. Annabi Irmiya kuwa, sarki Yehoyakim ya riƙa yanka littafinsa da wuƙa yana jefawa cikin kaskon wuta. Baba, ga ka da hannu a sama, bismilla.

(Tambaya: Allah gafarta Malam, talaka da ke tsaye a wurin, ta yaya zai gane na gaskiya, tunda duk da sunan Ubangiji suke magana?)

Baba ka taɓo inda ke ciwo. Attaura ta ba da ma'auni: in maganar ba ta cika ba, ba daga Ubangiji take ba. Amma kafin ta cika, an riga an fita yaƙi. Dubi Irmiya da wani annabi mai suna Hananiya a Haikali, zamanin da Babila ta danne Yahuza. Irmiya na yawo da karkiyar itace a wuya, yana cewa a miƙa wuya ga Babila. Hananiya ya cire ta ya karya a gaban jama'a, ya ce nan da shekara biyu an 'yantu. Baba, da muna wurin, wallahi da yawanmu Hananiya za mu bi, don shi ya faɗi abin da zuciya ke so. Irmiya kansa cewa ya yi amin, Allah ya sa, sannan ya kama hanyarsa. Daga baya ya dawo ya ce an karya ta itace, ta ƙarfe na zuwa. Hananiya bai ga ƙarshen shekarar ba. Babila kuwa ta rushe Urushalima wajen shekarar 586 kafin haihuwar Annabi Isa. Akwai wata tambayar? Ga wata 'yar uwa can baya, a miƙa mata makirufo.