Amsoshin Tambayoyinku: Sinadarin oreksin, barci da kansar hanji

Assalamu alaikum masu sauraro, na Agege da Idi-Araba da Obalende, da 'yan uwa na kasuwar Mile 12 da ke jin mu ta waya ana sauke kwandunan tumatir. Takardu uku muka zaɓo yau, kuma duk ukun sun haɗu a kan abu guda, wani sinadari na cikin ƙwaƙwalwa da ake kira oreksin.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Agege. Ta ce ƙaninta ɗan shekara 17 barci na kwashe shi yana tsaka da cin abinci. In ya ƙyalƙyale da dariya sai gwiwoyinsa su saki ya zube ƙasa, alhali yana jin duk abin da ake faɗa. Da dare kuma dannau ya hana shi sakat. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, a makaranta kuma an ce lalaci ne.

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ba a gane cuta ta rediyo, amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da wadda likitoci ke kira nakolefsi, kuma ba ita ce ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa ba. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan lungu mai suna hayifotalamus. Cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke kan ɗan Adam, waɗanda ke yin oreksin a wannan lungu ba su kai dubu 100 ba, amma su ke riƙe mutum a farke. A 1998 aka gano sinadarin, ayarin masana biyu a Amurka kowa da nasa binciken, ɗaya a Kalifoniya, ɗaya a Dallas ƙarƙashin Masashi Yanagisawa. Shekara guda bayan nan Emmanuel Mignot na Jami'ar Stanford ya nuna cewa karnukan da ke zubewa in sun yi murnar ganin abinci, wurin karɓar oreksin ne ya lalace a jikinsu. A 2000 aka duba ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da cutar, aka tarar kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan ƙwayoyi babu su. Zargi mafi ƙarfi yana kan garkuwar jikin mutum, cewa ita ke afka musu bisa kuskure.

Ƙwayoyin da suka tafi ba sa dawowa, amma akwai magungunan da ke rage barcin rana da zubewar, kuma ɗan ƙailula a kan tsari na taimakawa. Ki kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja. Kafin nan, don Allah kada a bar shi ya tuƙa babur ko ya shiga ruwa shi kaɗai, kuma a daina kiransa malalaci.

Takarda ta biyu daga wani ɗalibi ce a Akoka. Ya ce ya karanta cewa oreksin na sa ƙwayoyin kansa su kashe kansu. Yana tambaya, yaya ƙwaya za ta kashe kanta, kuma ke nan an samu maganin kansa?

Ɗan uwa, kowace ƙwayar halitta a jikinka da umarnin mutuwarta take tafe. In ta tsufa, ko ta lalace, ko aikinta ya ƙare, sai ta tsuke, ta yayyanka abin da ke cikinta, maƙwabtanta su haɗiye ragowar ba tare da kumburi ba. Kamar mai shago ne da ya kwashe kayansa, ya share wurin, ya miƙa mabuɗi, ba wanda gobara ta kora ba. Masana sun sa wa wannan tsararriyar mutuwa suna afoftosis a 1972. Da ita aka raba yatsunka tun kana ciki, ta hanyar mutuwar fatar da ke tsakaninsu, kuma a kowace rana biliyoyin ƙwayoyi ke tafiya haka a jikin baligi. Ƙwayar kansa kuwa ita ce wadda ta toshe kunne ga wannan umarni, ta ci gaba da hayayyafa.

To ga inda oreksin ya shigo. Iri biyu ne, A da B, kuma yana da makarɓai biyu, wato wuraren karɓarsa, a jikin ƙwaya. A 2004 wasu masana a birnin Paris, ciki har da Marc Laburthe da Thierry Voisin, suka zuba shi a kan ƙwayoyin kansar babban hanji da ake reno a ɗakin gwaji, sai ƙwayoyin suka shiga mutuwa. Da oreksin ya kama makarɓi na ɗaya, saƙo ke tafiya har ma'ajiyar ƙarfin ƙwayar, ta saki wani furotin, shi kuma ya ta da sinadaran da ke yayyanka ta daga ciki. Abin da ya fi jan hankali ya fito a 2011: wannan makarɓi yana nan a ƙwayoyin kansar hanji, har da waɗanda suka bazu zuwa hanta, amma ba a same shi a lafiyayyen bangon hanji ba. Da aka yi allurar oreksin ga ɓerayen da aka dasa wa ƙwayoyin kansar, girman ƙarin kansar ya ja baya.

Sai dai kada murna ta yi yawa. Wannan sinadarin dai, a gwajin dabbobin da aka toshe wa jini zuwa ƙwaƙwalwa kamar yadda ke faruwa a shanyewar ɓarin jiki, kare ƙwayoyin jijiya ya yi daga mutuwa. A wasu ƙwayoyin kansar tumbi ma an ga ya ƙara musu ƙarfi. Wato ba oreksin ke yanke hukunci shi kaɗai ba, ya danganta da ƙwayar da ta karɓi saƙon da abin da ke cikinta. A ganina wannan ne ainihin labarin, kuma shi ne ɓangaren da masu yaɗa saƙonni a WhatsApp ke yankewa. Yau babu asibitin da ke maganin kansa da oreksin, a Legas ko a Paris. Duk wanda ya tallata maka shi a kwalba, aljihunka yake so.

Tunda mun taɓo hanji, bari in faɗi wani abu. Mu dai duk jinin da ya fito a bayan gida sunansa basir, sai a tsaya wajen mai lasifika a sayi jiƙo. In jinin ya ɗauki makonni, ko mutum na ramewa, ko yanayin bayan gidansa ya sauya, a je a yi gwajin leƙa hanji. Kansar da aka kama da wuri aikin tiyata na iya raba mutum da ita.

Ta ƙarshe daga wani direban tanka a Apapa. An kawo masa maganin barci daga waje, an ce toshe oreksin yake yi, yana tsoron kada ya kashe masa waɗancan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu yin oreksin.

Malam direba, ba ya kashe su. Irin waɗannan magunguna, wanda na farkonsu, suvorexant, ya samu izini a Amurka a 2014, makarɓan kawai suke tsarewa na wasu sa'o'i, sannan su bar jiki. Damuwata da kai daban ce: magagin maganin na iya kaiwa safiya, kai kuma da lita dubbai na fetur a bayanka za ka hau titin Ibadan. Kada ka sha sai likita ya gan ka ya rubuta, kuma ka gaya masa irin aikinka da ƙarfe nawa kake tashin mota.