Jawabin Maraba ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma a Bikin Buɗe Hanyar Ƙafa ta Unguwarmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, ranka ya daɗe Hakimi, Dagaci da masu unguwanni, malamanmu limamai, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, iyayenmu mata, matasa da sauran jama'a: a madadin ƙungiyar ci gaban wannan unguwa, ina yi muku barka da zuwa. Mai girma Shugaba, mun san aikin da ke gabanka, amma ka ajiye ka taho. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Abin da muka gayyato ka ka gani ba babban titi ba ne. Hanyar ƙafa ce da ta tashi daga ƙofar masallacin Juma'a, ta bi ta gaban makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi, ta dire a bakin kasuwa. Da karo-karo da aikin gayya aka yi ta. Kafin a zuba buhun siminti ko ɗaya, sai da muka zauna da guragu da makafi da tsofaffinmu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da suka faɗa mana shi muka bi. Masu keken guragu sun ce rairayi da taɓon damina ne ke kashe musu damtse, sai kuma dakalin da kowane maigida ke turowa bakin hanya. Don haka aka daɓe hanyar sumul, aka ba ta faɗin mita 2 yadda keke biyu za su gifta juna ba sai ɗaya ya ja baya ba. Duk inda ƙasa ta yi tudu, gangara aka yi maimakon matakala, bisa ƙa'idar da magina suka sani: in za a hau tsawon mita 1, sai an shimfiɗa gangarar mita 12. In ta fi haka tsayuwa, gurgu ba zai hau ba sai da mai turi, kuma dogaro da mai turi shi ne abin da suke so su huta da shi.

Makafi kuwa babban tsoronsu buɗaɗɗen lambatu ne. Mun rufe wanda ya ratsa hanyar, muka kuma jera bulo mai ƙuraje a tsakiya, wanda sanda da tafin ƙafa ke ji. Ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Wani mutumin Japan, Seiichi Miyake, shi ya fito da dabarar, aka fara shimfiɗa ta a birnin Okayama a 1967. Yau makaho zai tashi daga gida ya kai sahun farko, yaron da ke yi masa jagora kuma ya tafi makaranta. A ganina wannan kaɗai ya biya kuɗin aikin. An kuma kafa bencina a inuwar darbejiya saboda masu ciki da dattawa.

Tun kafin a buɗe, 'yan garuwa da masu baro sun gano daɗinta, haka ma mata masu goyo.

Ranka ya daɗe, wannan ba alfarma muka yi wa kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya na rayuwa da wata naƙasa. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, mun yi wa Allah godiya, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, magidanta ne, ɗalibai ne, masu sana'a ne. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010. A Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a da hanyoyin ƙafa yadda kowa zai iya bi. Wa'adin ya cika a Janairun 2024.

Ga kukanmu. Gina hanya ya fi tsare ta sauƙi. Gobe mai tebur zai kafa rumfa a kai, jibi mai a-daidaita-sahu ya ajiye kekensa, wani ya sauke tifar yashi, wani ya ɗauke murfin lambatu cikin dare. Mai ƙafa biyu zai kewaye ya wuce. Gurgu sai dai ya sauka titi ya yi gogayya da motoci, makaho kuma ya faɗa ramin da ya saba babu shi. Muna roƙon Ƙaramar Hukuma ta ware wa 'yan tireda wani wuri na kusa, domin su ma abinci suke nema, ta kuma ba masu unguwanni ikon hana tare hanyar.

Sai mahaɗar babban titi, wadda ta fi ƙarfinmu. Muna buƙatar kwalbati da alamar tsallakawa a wurin, a kuma sassauta bakin kwalta yadda keke zai sauka. In za a zana aikin, a kira Sarkin Makafi da Sarkin Guragu tun daga farko.

Yanzu muna gayyatar ka ka yanke ƙyalle, sannan mu taka hanyar tare, 'yan uwanmu masu keke da masu sanda a gaba. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka jagora, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.