Sunan yanka da sunan kasuwa: yadda ake karanta kwalin magani

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani ma'aikacin farmasi ya yi a Tahoua, gaban iyaye mata da matasa.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, ƙannena, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla.

Ga kwali uku a hannuna. Wannan Doliprane, wannan Efferalgan, wannan Dafalgan. Magani nawa na riƙe? Hajiya ta ce uku. Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, ɗaya ne. Duka farasitamol ne.

Ku duba gidajenmu. Yaro a gida Babangida ne, a fada abokai suna da abin da suke kiransa, amma sunan da liman ya raɗa masa ranar suna guda ne. Magani ma haka yake. Wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe laƙabi ne da kamfani ya sa don kasuwa. Sunan yankan yana ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Mu a wurin aiki DCI muke ce masa da Faransanci, wato sunan da duk duniya ta yarda da shi, kuma tun 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ke raɗa irin waɗannan sunaye. Clamoxyl, sunan yankansa amokzisilin. Brufen, ibuforofen.

Me ya sa nake ta nanata wannan? Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa mini da leda, maigidanta na kwance da masassara. Ta ba shi Doliprane mai ƙarfin miligiram dubu. Mura ta taso, ta dama masa Fervex. Da dare maƙwabciya ta kawo Efferalgan, ta ce shi ya fi ƙarfi tunda yana tafasa a ruwa. Ita a ganinta magani uku daban-daban ta ba shi, alhali kuwa abu ɗaya take ta ɗura masa, domin Fervex ma akwai farasitamol a cikinsa. Wallahi da na zazzage ledar nan sai da gabana ya faɗi. Babban mutum mai lafiya ba ya wuce giram 4 a yini da kwana, wato ƙwaya 8 ta 500, kuma tsakanin sha da sha a bar awa 4 zuwa 6. In an zarce, hanta ce ke ɗaukar dukan. Abin tsoron shi ne ba ya nunawa nan take. Sai bayan 'yan kwanaki a ga amai, ido ya yi rawaya, a ce ai shawara ce.

Lambar nan ta gefen suna, 500 mg ko 1000 mg, ita ce ƙarfin ƙwaya ɗaya. Na yara kuwa da kilo ake auna shi, shi ya sa muke tambayar nauyin yaro kafin mu ba da siro. Don Allah ku daina raba ƙwayar babba gida biyu ku ba jariri.

Sai kalmar jenerik. Kun sha ji a likita, wasu har fushi suke yi, wai an ba su na talaka. Na san mun ce araha ba ta ado, amma a nan karin maganar ba ta hau ba. Jenerik magani ne da ake sayarwa da sunan yankansa kawai, sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, an cire kuɗin talla. A kan irinsa aka gina shirin Bamako na 1987, don magani ya kai ƙauye da kuɗi kaɗan. In ordonansi, wato takardar maganin da likita ya rubuta, ta fi ƙarfin aljihunki, ki tambayi mai farmasi ko akwai jenerik. Babu kunya a ciki.

Amma kada ku haɗa shi da na tire, wanda ake yawo da shi a tasha. Yawancin kwalaye sun ce a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa kun san ranar Afrilu a Adar, ta wuce 40. Balle a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko maras inganci. Wanda aka ɓare daga kwalinsa aka ƙulla a leda, ana ce masa "ja da rawaya", ni kaina ba zan iya gaya muku sunan yankansa ba.

To, wanda ya zo da kwali ya miƙo, mu nemo sunan tare. Baba, bismillah, mu fara da naka.