Lacca: Aikin Akawun Kotu a Shari'ar Mai Gida da Ɗan Haya

Jama'a, barkanmu da warhaka. Shari'ar haya da yawa tun a teburin akawu take lalacewa, kafin alƙali ya ga fayil, kuma galibi kwanan wata ne sanadi. A nan zan fi tsayawa.

In mai gida ya kawo ƙara, ka fara duba takardunsa: yarjejeniyar haya in akwai, rasit na ƙarshe, da kwafin takardar wa'adin tashi da ya ba ɗan haya. Ka tabbatar sunan mai ƙara shi ne na mai gidan. In wakili ne ya zo, ina takardar wakilcinsa? Adireshi kuwa a rubuta shi cikakke, har lambar ɗaki. Gida mai ɗaki 12, in aka rubuta lambar gida kawai, sammaci zai faɗa hannun maƙwabci. Daga nan a biya kuɗin shigar da ƙara, ka buga hatimi mai kwanan ranar, ka ba fayil lamba, ka shigar a rajista nan take. Kada ka bari sai gobe.

To, batun wa'adi. A ƙa'idar da aka gada daga dokar Ingila, in yarjejeniya ko dokar wurin ba ta ce wani abu daban ba, mai biyan mako-mako ana ba shi mako 1, mai biyan wata-wata wata 1, mai biyan shekara-shekara wata 6. Lissafi kuma daga ranar da takarda ta isa hannunsa yake farawa, ranar da aka rubuta ta ba ta da amfani. A ce haya tana farawa ran 1 ga kowane wata, takarda ta isa ran 10 ga Maris tana cewa a tashi ran 31. Wata bai cika ba, sai ƙarshen Afrilu. Lauyan ɗan haya yana ganin haka zai nemi a kori ƙarar, mai gida ya koma farko. Amma ku lura, hukunci a kan wannan na alƙali ne. Naka shi ne ranakun su fito sarari a fayil, ba kankara, ba gyara da biro. Kuma kada ka zama lauyan kowa, komai tausayin da ya ba ka.

Sai kai sammaci. Wanda ya kai ya cika takardar rantsuwa: wa ya karɓa, ina, yaushe, ƙarfe nawa. Liƙawa a ƙofa sai da izinin kotu. Wannan takardar rantsuwa ina ɗaukar ta da nauyi ƙwarai, don in babu ita za a iya raba iyali da matsuguninsu ba su ma san an kai su ƙara ba, irin wannan hukunci kuma soke shi ake yi.

Bashin haya da kuɗin zaman da aka yi bayan ƙarewar haya, kowanne da layinsa a lissafi.

In an yanke hukunci, rubuta ranar da alƙali ya ce a miƙa gida. Takardar fitarwa ba ta fita kafin ranar, kuma kafin ka shirya ta, ka sake buɗe fayil ka duba ko an shigar da buƙatar dakatar da zartarwa. In akwai, sai kotu ta saurare ta tukuna.