Inna ta ce in riƙo mata maganin sikila daga Ingila

Assalamu alaikum mutanen Sakkwato, da duk wanda yake kallona a inda yake. Yanzu na sauka daga aikin dare, ƙarfe takwas saura na safe a nan Manchesta, amma ku dubi sama, sai ka ce yanzu aka kira assalatu. Na so in bari sai na runtsa, maganar ce ta kwana tana cina a ɗakin jinya, gara in fitar da ita tun ina kan hanyar tashar bas.

Shekaranjiya Inna ta aiko min da saƙon murya ta wayar Yaya. Ta ce: "Ke ɗiyata, an ce an samo maganin ciwon wanga yaro can wurinku. In za ki taho ki riƙo muna, ko nawa na, mu kai gonar Kware kasuwa." Na saurare shi ya fi sau biyar. Gonar nan ita kaɗai Baba ya bar mata.

Yaron da take nufi ɗan Yaya ne, Ɗanjuma muke ce masa, shekararsa bakwai, yana da amosanin jini, wato sikila, SS. Zuwana gida na ƙarshe a cikin hunturu ne, kuma akwai daren da har gobe yana idona. Wajen ƙarfe biyu muka ji kukansa a ɗakin uwarsa. Ya dunƙule a kan tabarma ya riƙe ƙwaurinsa da hannu biyu, ko zanen da aka lulluɓa masa ba ya son ya taɓa shi. Uwar ta ɗora ruwa a garwashi tana gasa masa da tsumma, Inna tana tofa masa addu'a. Da na haska idonsa da fitilar waya, farin ya koma ruwan ɗorawa, na buɗe tafin hannunsa fari fat. Da ƙyar Yaya ya samo mai Keke daga Mabera. A asibiti aka ce jini ya yi ƙasa, a nemo masu bayarwa, sai ga Yaya a tsakar dare yana bin lambobin abokansa ɗaya bayan ɗaya. Ni da nake rataya wa marasa lafiya ledar jini a nan, in buga waya a kawo ta daga ma'ajiya, ranar tsayuwa kawai na yi ina riƙe da takalmin yaro.

To Inna ba ƙarya aka yi mata ba, akwai maganin. Sunansa Casgevy. Birtaniya ce ta fara amincewa da shi a watan Nuwamba na 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba na shekarar, sannan a Janairun 2025 aka yarda a fara bayar da shi a asibitocin gwamnati na Ingila ga masu sikila mai tsanani daga shekara 12 zuwa sama. Hikimar da ke cikinsa abin a ce Subhanallahi ce. Jariri a ciki yana da nasa nau'in himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, kuma wannan nau'in ba ya lanƙwashewa. Shi ya sa jaririn da ke da sikila yakan yi watanninsa na farko lafiya lau, sai wajen wata shida a ga hannu da ƙafa sun fara kumburi, don jiki ya rufe wancan ya buɗe na manya. Masu bincike suka gano makunnin da ke rufe shi, suka yi amfani da almakashin ƙwayoyin halitta da ake kira Kirisfa, wanda ya jawo wa mata biyu, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, kyautar Nobel a 2020, suka lalata makunnin, jiki ya koma yin jinin jarirai. Wata Ba'amurkiya, Victoria Gray, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa, a 2019. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda cur ciwon bai tayar musu ba.

Sai dai ba kwalba ba ce da zan sa a jaka tare da turare da atamfa. Daga jikin mara lafiyar ake tatso ƙwayoyin da ke haifar da jini, a kai su ɗakin gwaji a gyara, abin ya ɗauki watanni. Sannan a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, a share ɓargonsa na asali, a mayar masa da gyararrun, ya yi makonni a killace a ɗaki, baki duk gyambo, gashi ya zube, ƙaramar cuta tana iya kayar da shi. Kuma maganin share ɓargon yana iya hana haihuwa har abada, ku auna nauyin wannan a gidajenmu. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. A Ingila, inda masu sikila ba su wuce wajen 17,000 ba, an ƙiyasta mutum 50 ne za su riƙa samu a shekara. Mu kuwa a Najeriya jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita kowace shekara, ba ƙasar da ta kai mu a duniya.

Ku dakata in shiga bas, sanyi ya fara cin yatsuna.

Abin da ya hana ni barci ke nan. Labarin Casgevy ya zagaye duk zaurukan WhatsApp na danginmu har ya kai kunnen Inna da ba ta karatun boko. Amma binciken da aka yi a kan 'ya'yanmu, a Kano da Kaduna, tafiyar yini ɗaya a mota daga Sakkwato, ban ga wanda ya tura shi ba ko sau ɗaya.

Abin da na fi tsoro ga Ɗanjuma ba ciwon ƙashin ba ne, duk da azabarsa. Shanyewar ɓarin jiki ce. In ba a ɗauki mataki ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS yana gamuwa da ita kafin ya kai shekara 20. Yaro yana wasa da safe, da yamma baki ya karkace, hannu ya saki, sai a ce iska ce ta buge shi, a nufi wurin mai ruƙiyya. Alhali akwai gwajin da ke hango ta tun kafin ta zo, ana ce masa TCD. Ba allura, ba zafi, ɗan na'ura ake ɗorawa a gefen kai kusa da kunne a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin rami. A ƙasashen nan ƙarin jini ake yi masa duk wata, kuma tun 1998 aka tabbatar yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100. To wa zai samo wa talaka ledar jini duk wata, shekara da shekaru, a garin da Yaya yake bin lambobin abokai da tsakar dare?

Wannan tambayar likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka ɗauka, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, a binciken da suka sa wa suna SPRING. Yara 220 da gwajinsu ya nuna haɗari, a Kano da Kaduna, aka ba su tsohon maganin nan na haɗiya, haidiroksiyuriya, zan rubuta sunan a ƙasan allo yadda yake a jikin kwali. Aikinsa dangin na Casgevy ne, yana ƙara jinin jarirai, sai dai a hankali, kuma kullum ake sha. Sakamakon ya fito a 2022: ko da ƙaramin awo aka ba yaro, shanyewar jikin ta yi ƙaranci ƙwarai, wanda aka ba matsakaicin awo kuma kwanciyarsa asibiti ta ragu. Kafin nan, a 2019, wani binciken mai suna REACH a kan yara sama da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda ya nuna raguwar tashin ciwo, da ƙarin jini, da mutuwa, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu da kusan rabi.

Ɗanjuma shekara bakwai, ba a taɓa ɗora masa na'urar nan a kai ba, a asibiti ba a taɓa yi wa iyayensa maganar wannan magani ba. Ni ma da nake cikin aikin ina da nawa alhakin, sai bara na zaunar da Yaya a kan batun.

Don Allah kada wani ya kashe bidiyon nan ya nufi kemis. Likita ne ke auna shi da nauyin yaro, kuma dole a riƙa duba jini lokaci zuwa lokaci don yana iya rage wasu ƙwayoyin fiye da kima, mai ciki da mai neman ciki kuma sai sun yi shawara da likita. Ko magungunan da manyan kamfanoni suka kashe dukiya a kansu suna faɗuwa: Oxbryta, wani maganin sikila da aka yi ta murnarsa, kamfanin Pfizer da kansa ya janye shi daga duk duniya a Satumbar 2024 saboda alamun haɗari. Balle mai lasifika a bakin kasuwa da ke rantsuwa garinsa yana mayar da SS ya koma AA.

Na iso gida, bari in ɗora ruwan zafi. Kun ga kofin shayin nan, shi ma yana cikin maganar.

Matar Yaya tana da ciki wata shida yanzu. A waya nake jin numfashinta kamar wadda ta hau tudu, ta ce jiri take ji in ta miƙe daga wanki, kuma ba abin da take marmari sai ƙanƙara da farar ƙasa. Wannan kwaɗayin alama ce da muka sani ta ƙarancin sinadarin ƙarfe. A gida duk "ƙarancin jini" muke cewa, amma nata daban, na ɗanta daban. Shi jajayen ƙwayoyin jininsa ne ke fashewa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120, kuma yaron da ake yawan yi wa ƙarin jini ƙarfe taruwa yake yi masa a hanta da zuciya, saboda haka ɗura masa tonik ɗin ƙarin jini ba tare da gwaji ba cutarwa ce. Ita kuwa kayan haɗa jinin ne suka ƙare mata. Kuma ba ita kaɗai ba: binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa da ƙarancin jini, Jihar Sakkwato ce a sama da kashi 74. Mata uku cikin huɗu ke nan, a gidan biki, a islamiyya, a layin awo.

An ba ta jajayen ƙwayoyin nan a wurin awo, ta sha kwana huɗu ta tura su ƙarƙashin katifa, wai tashin zuciya da taurin bayan gida, ta koma Maltina da madara. Ban ga laifinta ba, ƙwayoyin suna da wahalar sha, amma madara ba ta da ƙarfen kirki, tana ma tare hanyar wanda aka ci. Shayi ya fi ta tarewa, mu kuma da shi muke kora komai. Na ce ta raba ƙwayar da shayi da fura da nono da kamar awa biyu, ta bi ta da lemu ko gwaiba, ta riƙa samun hanta ko da ta ɗari biyar ce, da wake da zogale. Masu bincike a Zurik ta Suwizalan sun nuna a 2017 cewa matan da ba su da ciki sun fi tsotse ƙarfen in suna sha yau su tsallake gobe, saboda wani sinadari da hanta ke saki bayan kowace ƙwaya yana rufe ƙofar hanji na kusan yini guda. Mai ciki dai kada ta canja da kanta, ta gaya wa ma'aikaciyar awo gaskiya cewa ta daina sha. Akwai kuma na ƙarin ruwa da ake yi sau ɗaya: binciken IVON da Farfesa Bosede Afolabi ta jagoranta a Legas da Kano, a kan mata masu ciki sama da 1,000, ya nuna a 2024 cewa ya fi ƙwaya cike gurbin ƙarfen, ko da yake yawan masu ƙarancin jini dab da haihuwa bai bambanta sosai ba. Ga maleriya da tsutsar ciki suna ci ta wani gefen.

Abin da ya sa na matsa mata shi ne ranar haihuwa. Macen da ta shiga naƙuda da jini kaɗan, ɗan abin da wata za ta zubar ta tashi, ita shi zai tafi da ita. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE da ya fito a 2023, asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Wata shimfiɗar leda ce mai aljihu da ma'auni ake sa wa mai haihuwa, ungozoma ta ga adadin jinin da idonta maimakon kintace, in ya kai layi a haɗa mata duk matakan ceto a lokaci ɗaya. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Da Yaya da matarsa duk AS ne. Wata gwaggonmu ta kwantar musu da hankali wai tunda an samu ɗaya, uku masu zuwa lafiyayyu ne. Ba haka lissafin yake ba, kowane ciki da nasa rabo na zuwa da SS, ɗaya cikin huɗu, ko na goma ne. Shi ya sa na ce jaririn nan a gwada shi tun yana cikin zanen goyo. Akwai ɗan gwajin ɗigon jini mai ba da amsa cikin mintoci, Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja ta gwada shi a wuraren rigakafin yara a Gwagwalada ya yi aiki.

Jiya kafin in fita aiki na kira Inna. Na ce: "Inna, ki bar gonarki, a shuka mata gero." Ta yi shiru, sannan ta ce: "To mi za a yi ma yaron?" Na ce ranar Litinin Yaya zai kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wurin likitocin jini na yara, da takardar da na rubuta masa, ya tambayi gwajin kai da maganin nan, in kuma aka ce sai Kano, kuɗin mota yana wuyana. Ta ce ita ma za ta bi su, in gaya wa Yaya ya zo da wuri kafin rana ta ɗaga.