Yadda Jackie Chan Ya Daina Kwaikwayon Bruce Lee

Assalamu alaikum jama'a. Na can baya kuna ji? To madalla.

Da Bruce Lee ya rasu a Hong Kong a 1973 yana ɗan shekara 32, masu shirya fim suka bazama neman magajinsa ido rufe. Duk saurayin da ya iya ɗaga ƙafa sai a tuɓe masa riga, a ce ya murtuke fuska ya yi ihun nan. A 1976 darakta Lo Wei ya gwada Jackie Chan a wannan gurbi, fim ɗin bai yi kasuwa ba. Ai dole, mai kallo ya riga ya ga na asali.

A 1978 ne, tare da darakta Yuen Woo-ping, Jackie Chan ya juya abin. Jaruminsa yana jin tsoro. Ya naushi mutum, ya koma yana yarfe hannu don zafi. In abokan faɗa suka yi yawa, ya ranta a na kare. Kujera, tsani, lema, rigar jikinsa, duk abin da hannu ya kai ya zama makami. Ku masu rubutu da zane da ɗaukar hoto, nan nake so ku tsaya. Ya duba abin da babu shi a wajen Bruce Lee, wato dariya da rauni, ya gina sana'arsa a kai. Ni a ganina ƙarancin kayan aiki bai cika hana ƙirƙira ba, kunyar nuna kai ce ke hanawa.

Kada kuma dariyar ta ruɗe ku. Shekara goma ya yi a makarantar wasan gargajiyar Sin a hannun malaminsa Yu Jim-yuen, tare da Sammo Hung wanda shi ma ya zama tauraron fim, ana tsalle da alkafura tun asuba. Kuma a ƙarshen fina-finansa ana nuna inda ya faɗi, inda aka sake ɗauka, har da inda aka kwashe shi zuwa asibiti.

Aro kuwa ya yi shi. A wani fim na 1983 ya rataya a jikin agogon hasumiya kamar yadda ɗan wasan barkwanci Harold Lloyd ya yi a Amurka a 1923, zamanin fim marar magana. Sai dai Lloyd yana maƙale ne, ana dariya. Jackie Chan ya saki hannu, ya keto rumfuna biyu, ya faɗo ƙasa.